Peugeot 205 GTI ta daɗe a ajiye a Yamai, daga ina ake fara gyara?

Ɗan Yantala

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawarar masanan tsofaffin Fijo nake nema. Akwai 205 GTI 1.9 ta 1990 a hannuna, ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano a nan Yamai. Jiki ba tsatsa, amma rana ta tsattsaga tabulo, kuma tayoyin baya samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe. Moter yana juyawa da hannu, ban tada shi ba tukuna. Makanisiyen unguwa ya ce a fidda enjeksiyon a sa karbirater na 405, a cire kalorista (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyater in moter ya yi zafi), a haɗa fanka kai tsaye. Ni kuwa so nake ta koma yadda take, daga baya in ƙara mata ƙarfi. Ba motar aiki ba ce, ta sha'awa ce, ta fita hanyar Dosso ranar Lahadi. Me zan fara?

Tsohon Garaj

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka murza makulli tukuna.

Kurwar distribisiyon, wato robar nan mai haƙora da ke haɗa bilbirike da kam, in ta kwana shekaru cikin zafin Yamai ta riga ta bushe ko da ido ya ga kamar lafiya take, kuma a moter XU, wato dangin moter ɗin motarka, in ta tsinke, pisto da supap sai sun gamu. Sauya ta tare da galen da ke ɗaure ta da pompon ruwa, tunda ita ce ke juya shi. Akwai rami a fulin bilbirike, akwai wani a fulin kam, nan ake zura ƙarfe a kulle su. In an gama a juya moter da hannu zagaye 2 cikakku, a sake gwada ramukan. In ba su shiga ba, haƙori ya goce. Motar Lahadi ba ta cin kilomita, don haka da shekaru za ka riƙa lissafi, duk shekara 4 sabuwa.

Duba ɗan farantin lambar moter da ke manne a jikin bulok. D6B shi ne mai doki 130. DKZ mai doki 122 ne, kuma enjeksiyonsa daban. In ka ga B6D, to wani ya sa mata na 1.6 mai doki 115.

Kafin tayarwa: cire buji huɗun, zuba cokali guda na man inji a kowane silinda, bar shi ya kwana. Yi bidanj, sabon filtir, mai kusan lita 5. Cire wayar bobin, ka yi ta buga demarer kaɗan-kaɗan har allurar matsin mai ta motsa a tabulo. Sannan auna kompiresiyon. Ba girman lambar ba ne abin dubawa, kusancinsu ne. In ɗaya ya kasa sauran da fiye da bar 1, akwai magana. Silinda na 1 a wannan moter yana gefen bwat ne, ba gefen kurwa ba, jerin wuta 1-3-4-2. Masu hannun Toyota sukan juya wayoyin buji a nan.

Batun kalorista kuma, makanisiyenka bai kyauta ba. Cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye cutar yake. Abin da ke dafa waɗannan motoci radiyater ne da ya toshe da farar ƙasar ruwa, da murfin da ya daina riƙe matsi, da fankar da ƙaramin gudunta ya mutu. In babu kalorista, da safiyar hunturu moter ba ya saurin ɗumi, enjeksiyon ya yi ta zuba esans da yawa, esans ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara karter. Sa sabo mai buɗewa a wajen digiri 82, da sabon radiyater. Kar ka yarda da a kwance tsohon a zurara masa waya.

Kuma kar ruwan famfo ko na rijiya ya shiga. Bulok ɗin alminiyom ne, silindojin kuwa shimiz ne na ƙarfe da aka zaunar a ciki, ruwa na kewaye su, zoben roba ne kawai a gindinsu. Ruwa tsura yana cin alminiyom daidai wurin zaman nan, wata rana sai ka ga mai ya koma kamar kunu. Wasu su ce ai ba a ƙanƙara a Nijar, me za a yi da likid, wato ruwan radiyater na kanti? Ba don sanyi ake sa shi ba, don hana cin ƙarfe ne. Kusan lita 6 da rabi take sha. A buɗe bulon fitar da iska lokacin cikawa, a ɗaga gorar ruwan sama da moter, sai ruwa ya fito ba kumfa a rufe. Durit duka a sauya, har ƙananan da ke bayan moter waɗanda hannu ba ya son kaiwa.

In ta kama sai an ɗaga kulas, wato kan moter, abu uku. Kar a juya bilbirike kulas na waje sai an danne shimiz da bulon da manyan randel, in ba haka ba su ɗaga, zoben gindi ya saki. Bulon kulas sababbi, don ɗaurinsu na kusurwa ne, suna miƙewa. Sannan bulon da ke saman pompon ruwa yana da ɗan zobe mai kauri a ƙarƙashin kansa. In yaron garaj ya manta da shi, bulon ya zarce ya fasa bulok. Tazarar supap a sanyi 0.20 na shiga, 0.40 na fita, da pastiy ake daidaita ta, ba da juya kusa ba.

Mai Wayoyi Bukoki

Baba ya gama magana a kan moter. Ni ta wuta zan ɗora.

Malam, enjeksiyon na D6B, wato Bosch LE2-Jetronic, bai kai rikitarwar da ake tsoro ba. Ba ya buƙatar kwamfutar bincike, miltimetir ya wadatar. Masu cewa a sa karbirater yawanci ba su taɓa auna komai a jikinsa ba ne. In ka sa, ƙarfi ya ragu, sai an sake fasalin pompon esans, motar kuma ta tashi daga GTI.

Abubuwan da ke mutuwa sanannu ne. Na farko relen da ke ba pompo da enjekter wuta: in moter ya tashi ba ya ci gaba da riƙewa sai yana jin bugun bobin, kuma in dalmar cikinsa ta tsage, mota na tafiya sai ta mutu, ta huce ta tashi. Na biyu modil ɗin wuta na delko. Yana zaune kan farantin alminiyom, tsakaninsu akwai farin man da ke janye zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, in man nan ya bushe modil ba ya daɗewa. Goge, shafa sabo, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke amfani da shi.

Na uku sond ɗin zafin ruwa mai ƙafa biyu, wanda ke magana da kalkilater, wato ƙwaƙwalwar enjeksiyon. A digiri 20 yana ba da om kusan 2,500, a 30 kusan 1,700, a 80 wajen 300. In moter ya yi zafi amma lambar ba ta sauko ba, shi ne baƙin hayaƙi da shan esans.

Na huɗu iska ta sata. Debimetir yana auna iskar da ta bi ta cikinsa ne kawai. Duk tsaga a babban durit da ke bayansa, ko a ƙananan durit na numfashin mai, iska ce da ba a lissafa ba, sai ralanti ya yi ta hawa da sauka. Lanƙwasa robar da hannu ka haska da tocila, tsagar a cikin ninki take ɓuya. Ina roƙonka kar a ɓalle baƙin murfin debimetir a taɓa sifirin ɗin ciki. Wanda aka taɓa da ka, mayar da shi daidai aiki ne.

Tankin roba ne, lita 50, ba ya tsatsa, amma tsohon esans yana zama danƙo a ƙasa. Sauke shi a wanke, a duba pompon da ke ciki da ragarsa, sabon filtir, a kai enjekter a wanke a ga feshinsu. Matsin esans kusan bar 3 ne, saboda haka tiyo na enjeksiyon za a saya. Na karbirater yana kama da shi a ido, amma fashewa yake, kuma esans a kan moter mai zafi gobara ce. Esans na kwalba a bakin titi, in ba dole ba a bar shi.

Filtir na iska a bar na takarda cikin akwatinsa. Buɗaɗɗen nan mai kamar mazurari da samari ke so don ƙara, a ƙurar hunturu yashi yake ɗura wa segima. A kankare duk wayoyin mas, na bateri da na bwat da na fitilun baya.

Hajiya Mai Fijo

Ɗana, kowa ya tafi moter, amma abin da ka faɗa na tayoyin baya shi ya fi damuna.

Bayan 205 babu sifirin mai naɗi. Bututu ne a kwance, hannu biyu, kowane hannu na juyawa kan aks cikin rulma masu allurai, sandunan ƙarfe masu murɗuwa ke ɗauke da nauyi. In robar bakin ta mutu, ruwan damina da yashi su shiga, alluran su ci aks. Karkatar da ka gani ke nan. Ɗaga motar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, ka duba ko gefen taya ya fara gogar jiki daga ciki.

Gyaran gaskiya: sabon aks biyu, rulma na ciki da na waje, robobi. Da pires ake fidda aks, ba da guduma ba. In bakin bututun ya riga ya faɗaɗa, sabon rulma ba zai zauna ba, sai wani bututun. Kafin a kwance a auna tsakanin bulon sama da na ƙasa na amortiser a kowane gefe a rubuta, a yi wa haƙoran sandunan alama, in ba haka ba mota ta dawo gefe ɗaya a sama. A huda a sa kan giris, don a riƙa ɗura mata bayan kowace damina. Wanda aka ciro daga wata matacciyar 205 a kasuwa yawanci ciwonsu ɗaya da naka.

Kar a sauke ta ƙasa. Titunan unguwa da tudun rage gudu za su cinye karter.

Birki: zubar da tsohon ruwa gaba ɗaya, DOT 4 sabo, tiyo na roba duka sababbi. 1.9 disk gare ta har baya, kuma piston etiriye na baya murɗa shi ake yana shiga, in aka matse shi da ƙarfi birkin hannu ya lalace. Taya 185/55 R15. Karanta lambobi 4 na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar Turai mai kyan zane da ta shekara goma ba taya ba ce. Motar ba ta kai kilo 900 ba, kuma an san halinta: in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, baya yakan zame. Da mataccen aks da busasshiyar taya abin ya fi muni.

Ɗan Yantala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, D6B ne. To batun sa mata moter Mi16 don ƙarin ƙarfi fa? Kuma fankar, in bar ta yadda kamfani ya yi?

Ba'adare na Tawa

Yaya, Mi16 na 405 moter ne mai kyau, supap 16, doki 160, bulok alminiyom, kuma yana hawa kan ƙafafun moter na 205. Amma ba sauke wannan ɗora wancan ba ne. Kolekter na hayaƙi yana dukan bangon da ke tsakanin moter da direba, sai an karkata shi. Na iska yana dukan radiyater, sai an gajarta shi ko an matsar da radiyater. Wayoyi sai an haɗa na Motronic, wato enjeksiyon ɗin Mi16, da na 205. Kuma an san shi da rasa matsin mai a doguwar kwana in ba a yi wa karter shinge a ciki ba. Na 306 S16 mai doki 167 bulok ɗinsa ƙarfe ne, ya fi nauyi a hanci.

Sai samu. Yawancin moter 405 da za a nuna maka a kasuwar Katako ko wurin masu kayan matattun motoci masu supap 8 ne, da yawa na karbirater, ƙasa da wanda ke cikin motarka. A ce maka "Mi16 ne" ba hujja ba ce, ƙirga kam: biyu ne. Ka kuma tambayi yadda sauyin zai zauna da kartgiriz da asirans kafin ka fidda ko jika guda.

A ganina D6B mai lafiya ya ishi hanyar Dosso, har Konni da Tawa ma. Kuɗin ka zuba su a amortiser masu kyau, silanbulok da rotil sababbi, plaket na kirki. In an jima kana son ƙari, tiriyangil da kardan na 309 GTI suna faɗaɗa gaba kaɗan, motar ta ƙara kama kwana. Amfanin zama da XU shi ne dangi gare shi: 405 da 309 da Citroën BX, kayan moter da yawa suna shiga juna. Sai dai ka tafi da tsohon kayan a hannu, don mai shago zai iya miƙo maka na XUD mai gazuwal ya rantse ɗaya ne.

Mai Wayoyi Bukoki

Fanka kai tsaye a'a. Tana cin bateri da alternater, moter ɗinta ya ƙone da wuri, kuma a kan babban titi ba ta da aikin yi, iskar gudu ta fi ta. Gudu biyu gare ta, ƙaramin yana bi ta wata rezistans kusa da radiyater, ita ce ke ƙonewa, sai fanka ta ƙi tashi har allura ta kusa ja. Sauya ta tare da sond ɗin jikin radiyater.

Tsohon Garaj

Na yarda, amma a cunkoson gadar Kennedy da azahar ba laifi direba ya sami maɓalli a hannunsa. A ƙara shi gefe da sond ɗin, ba a madadinsa ba, ya bi ta rele da fizibil nasa, da waya mai kauri daga bateri. Kar a ja wutar fanka ta cikin ɗan maɓallin tabulo, narkewa zai yi. Rele ɗin kuma ya ɗauki umarni daga wutar bayan makulli, don kar a kashe mota a bar fanka tana juyawa har bateri ya ƙare.