"Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi": ta dace da masu sa ido?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga karin maganar yau. An yi ta jefa ta a Fabrairun 2022, lokacin da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta ce tana neman mataimakin kwamishinan 'yan sanda Abba Kyari, 'yan sanda suka miƙa shi. Shi ne ya shugabanci rundunar 'yan sanda ta musamman ta IRT, wadda ta yi suna wajen bin diddigin wayoyin masu garkuwa da mutane. Sai ga shi NDLEA ta fitar da bidiyonsa da aka naɗa a ɓoye, tana zarginsa da hannu a cinikin hodar ibilis kilo 25. Ya musanta. Maganar ta zauna a nan kuwa?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta zauna ba. Gyangyaɗi ba da gangan ake yi ba, ido ne ke fin ƙarfin mutum. Kakata takan faɗe ta ga uwar da ta hana yara kwanciya kafin isha'i, can sai ka ga kanta yana rangaji a kan tabarma, carbi ya zame daga hannu. Abin dariya ne, ba a kai ƙara a kansa. Wanda aka ba amanar kama masu ƙwaya, in zargin ya tabbata, to an ba kura ajiyar nama ne.

Barista Nura: Hajiya, ni kuwa ina ganin ta zauna, amma ta wata fuskar. Maganar tana cewa mai doka ma mutum ne, barci zai zo masa, dole a sami mai taɓa shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari wayar mutum. In lamarin gaggawa ne a fara, amma a nemi izinin cikin awa 48. Alƙalin nan shi ne mai taɓawar. Abin da ke damuna, talaka ba shi da hanyar sanin ko an je gabansa.

Baba Ɗanjuma: 'Ya'yana, ku yi hattara kada karin magana ta kashe wa jami'ai gwiwa. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, UNODC, na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwaya a Najeriya. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. Ku zo lungunmu da safe ku ga kwalaben da ake sharewa. Dillali ba a kasuwa yake shela ba, a waya yake ciniki. In ba a bi wayar ba, ta ina za a kama shi?

Aminu Keke: Baba, Allah ya ƙara girma, a bi dillali, ba wanda ya hana. Amma ni an tsayar da ni a hanya, fasinja biyu a baya, aka ce in buɗe wayata. Ina tsaye ana karanta saƙonnin da matata ta turo, ana tambayata wace ce wannan. Ba takarda, ba laifi. Ranar kasa haɗa ido na yi da fasinjojin. Wa zan kai wa kuka?

Barista Nura: Malam Aminu, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ka rubuta rana da wuri da lambar mota in ka gani. Ta farkon ce ta dakatar da Kyari a Agustan 2021. Sai dai ku lura, sai da zargi ya fito daga kotun Amurka a shari'ar ɗan damfarar intanet Hushpuppi kafin ta motsa.

Hajiya Ladi: Ka ji abin da nake nufi, Barista. In mai taɓawar ma sai an tashe shi daga Amurka, wannan ya wuce gyangyaɗi.

Malam Habu: Baba Ɗanjuma, za ka yarda a bi wayar dillali, amma a tilasta wa hukuma ta gaya wa majalisa kowace shekara izini nawa ta nema, nawa aka ba ta?

Baba Ɗanjuma: Na yarda, Malam, in dai ba za a faɗi sunan wanda ake bi ba har a kama shi.