Tsoffin fina-finan barkwanci na Ingila: aibun kwafi da aibun asali

Mai buɗe zance: Salamu alaikum jama'a. Masu gyaran ƙananan fina-finan barkwancin Ingila na shekarun 1930, waɗanda aka ɗauko daga wasan dandamali, me kuke tararwa? Wane aibu ne na kwafi, wane ne na asali?

Mai gyaran hoto: Wa alaikumus salam Malam. Kyamara ta tsaya cak, 'yan wasa na shiga ta wannan ƙofa suna fita ta waccan, wannan asali ne, kada a taɓa. Dokar fina-finai ta Birtaniya ta 1927 ta tilasta wa gidajen sinima nuna fim ɗin gida, kason ya kai 20 cikin ɗari a 1936, sai aka riƙa sayen fim mai araha domin cike kason, a kan kimanin fam ɗaya kowace ƙafa ta tsawon zaren fim. Ƙafa 90 ke wucewa a minti ɗaya, wato fim na awa guda bai kai fam 6,000 ba. Wasan dandamali kuwa ya zo da zancensa a shirye, ɗaki ɗaya ko biyu sun isa. A situdiyon fim na Twickenham da ke Landan har da dare ake ɗauka. Amma in ka ga an datse kawunan mutane, wannan aibun kwafi ne, hoton 1.37:1 (faɗi da tsayi) ne aka cusa cikin faffaɗan allo.

Mai gyaran sauti: Ni muryoyi suka fi damuna. In sun yi siriri da sauri, kwafin talabijin ne mai hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, ƙarin kashi 4 ke nan. A mayar da shi 24, domin barkwancin nan a kan ɗan jinkiri kafin amsa yake rayuwa. Kuma a zaren 35mm sauti na gaban hoto da gurbin hoto 20, a 16mm da 26. Shi ya sa inda zare ya tsinke aka liƙe, hoto ke fara tsalle, sai bayan kusan daƙiƙa guda kalma ta ɓace. Kada a matsa wajen cire ƙarar shuuu da ke bayan muryoyi, yana cinye harafin s.

Mai adana zare: Hajiya ta yi gaskiya. Wanda kuma ya samu zaren 35mm na kafin 1951 ya duba gefensa. In an rubuta NITRATE, wato tsohon zare mai saurin kama wuta, kada a haska shi a gida, in ya kama wuta ruwa ba ya kashe ta. Warin binega kuwa alamar zaren asitet ne (wanda ya maye gurbin NITRATE) da ya fara lalacewa, a ware gwangwanin daga sauran.