Na canza sansa amma wutar injin Hilux ta ƙi mutuwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina da Hilux mai shan fetur, injin 2.7, da ita nake ɗauko hatsi daga Dawanau. Ta marigayi yayana ce, gidansa da nawa duk da ita muke ci, shi ya sa barci ya ƙaurace min. Sati uku ke nan wutar injin nan mai ruwan ɗorawa ta kama, ga shan mai kamar ana zubarwa. An jona mata kwamfuta, ta fito da lambobin matsala P0171 da P0420. Yaron mai kwamfutar ya ce sansar salansa ce, wato na'urar da ke auna hayaƙi, na sayo wata aka ɗaura, aka goge lambobin. Ko Bichi ban kai ba wutar ta dawo.

Oga mai wayarin: Wa alaikumus salam. Alhaji, wacce aka canza? Guda biyu ne, ɗaya kafin indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa), ɗaya bayanta. Kuma lambobin nan ba su ce sansa ta mutu ba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a injin. A duba robar da ta taso daga gidan iyafilta ko ta tsage, a wanke sansar iskar da ke jikinta, a auna ƙarfin famfon mai. P0420 kuwa indomi ce ta gaji ko babu ita. Da hitar da ke ɗumama sansar ce ta ƙone, P0031 ko P0135 za ka gani.

Direban Zariya: Wallahi ka leƙa ƙarƙashin motar. Ni na kai tawa wajen bakanike a canza min gaskit, sai bayan wata biyu na ga sabuwar walda a jikin salansa, sun kwashe indomin sun sayar. Har yau abin na cin raina, mutumin da nake kai wa goron sallah!

Wani ɗan uwa: Gurɓataccen mai ne kawai. Cire kan batir na minti goma, ka canza gidan mai.

Oga mai wayarin: Cire batir goge lamba yake yi, ba ya gyara komai. Kar ka ji wannan.

Mai tambaya: Oga, bakanikena tun zamanin yayana yake riƙe da motar, ba zai cuce ni ba. Ta gaba muka canza, ta Beljiyam ce, da idona na ga an rubuta Denso.

Oga mai wayarin: Ta gaba a wannan injin ba irin ta baya ba ce, ko da zarensu ya zo ɗaya. An gwada lambar da ke jikinta da ta tsohuwar?

Mai tambaya: Tsohuwar an jefar. Ni dai ina ganin sai na canza ta bayan ma. Gobe ina da lodin Katsina, in tafi da ita haka?

Direban Zariya: Ka leƙa waldar tukuna, Alhaji.