Cikina na kumbura bayan tuwon dare, tattaki zai taimaka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ɗinki nake yi, wuni nake a kan keke, sai bayan Isha nake samun cin tuwo, daga nan kuma sai gado. Kwana biyun nan cikina kan kumbura, ga ƙwannafi yana taso min har maƙoshi. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ɗan tattaki idan na gama ci, ni kuma na taso ina jin manya na cewa a zauna abinci ya bi jiki. Wanne zan ɗauka?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya. Tafiya a hankali, minti 10 zuwa 15, tana motsa hanji, iska ta samu mafita, abinci kuma ya fi saurin barin tumbi. Abin gudu shi ne sassarfa ko aikin ƙarfi, domin jini kan koma ƙafafu ya bar ciki, sai murɗa ta taso. Amma ni kwanciyar nan ce ta fi damuna. In kika miƙe da cikakken ciki, ruwan tsamin tumbi ne ke hawowa maƙoshi, shi ne ƙwannafin da kike ji. Ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya.

Wata dattijuwa: 'Yata, ba sai kin fita waje cikin dare ba. Zagaya tsakar gida ya wadatar. Kuma ki dawo da tuwon nan bayan Magariba, ki rage man miya.

Wata mai ciwon suga: Nima likita ya sa ni yin tattakin. Bayan an ci tuwo ko shinkafa sugan jini kan hau, in kina tafiya naman jiki na zuƙe shi. Sai dai mai allurar insulin ta riƙe dabino a hannu, kada sugan ya faɗi da yawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Anti, in na gwada bai daina ba fa?

Ma'aikaciyar jinya: In ya kai mako biyu haka, ki je a duba ki, ko gyambon ciki ne. In kuwa kin ga baƙin bayan gida, ko jini a amai, ko haɗiya na yi miki wuya, ko kina ramewa, kada ki jira, ranar ki tafi asibiti.