Saura sati 6 bikina, wasan waya ya haɗa ni da dangin miji

'Yar Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana don Allah. Ni tela ce a nan Katsina, a zauren gidanmu nake ɗinki. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, ya yi jinyar wata bakwai, kuma ni na riƙa kwana da shi a asibiti saboda ciwon ƙafar Inna, yayyena maza kuwa ɗaya na Kaduna ɗaya na Legas, sai dai su turo kuɗi su kira waya. Tun daga lokacin barcina ya lalace. Ko ƙarfe goma na kwanta, biyun dare za ta same ni ido biyu ina kallon silin. Na sha littattafan Hausa na WhatsApp har na ƙoshi, kullum ɗan mai kuɗi da 'yar talaka da kishiya mai bin boka. Sai ɗan ƙanwar Inna ya sa mini wani wasan Japan a waya, sunansa Danganronpa.

Ba na tsere ba ne, ba na ƙwallo ba. Karatu ne da Turanci, da zanen mutane da kiɗa, kina taɓa waya magana na fitowa layi-layi. An kulle ɗalibai a makaranta, wata 'yar tsana rabi fara rabi baƙa ta ce ba mai fita sai wanda ya kashe wani ba a gano shi ba. In an tsinci gawa ke za ki bi ɗaki-ɗaki ki tattara shaida, sannan a zauna shari'a ki kama mai ƙarya da bakinsa. In aka nuna wanda ba shi ba, kowa ya mutu, mai kisan ya fita.

Juma'ar da ta wuce ƙanwar wanda zan aura ta zo gwajin anko. Na bar wayar kan keke na shiga ciki ɗauko zare, na dawo na same ta ta zuba wa hoton gawa ido. Ba ta ce komai ba, har ta yaba wuyan rigar. Bayan isha'i sai ga kiransa, wai Hajiyarsu ta ji, in goge. Na ce na goge. Ban goge ba. An riga an kawo lefe. Ya zan yi?

Hajiya Mai Turare: Ɗiyata, mi za ki yi kuwa? Ki goge yanzun nan kafin ki gama karanta maganata. Shekarata 31 a ɗakin miji, na aurar da ɗiya huɗu, ban taɓa jin wadda ta sa aurenta a sikeli da 'yar tsana ba. Uwar miji in ta sa miki ido tun kina gidanku, ko ruwa kika ba ta sai ta leƙa ƙasan kofin. Kuma mace ita kaɗai cikin dare tana kallon gawa da jini, wannan ai buɗe wa shaiɗanu ƙofa ne.

'Yar Ƙofar Marusa: Hajiya jinin ma fa ruwan hoda suka yi shi, zane ne. Kuma ba gawar nake kallo ba, hujja nake nema.

Hajiya Mai Turare: Ko kore suka yi shi, sunansa jini.

Maman Khalifa: Ni abin da ke ƙona mini rai, su maza wa ya isa ya ce su goge nasu? Baban Khalifa tun magariba yake gidan kallon ƙwallo, ya dawo sha ɗaya ya ɗora da ta waya har asuba ta kusa. Ranar da ƙungiyarsu ta sha kashi tuwon ma baya yake juya masa. Shekaranjiya yaro na zazzaɓi na kira shi sau tara, wai ana bugun fanareti. Na kai ƙara wajen yayarsa ta ce in gode Allah ba zance yake zuwa ba.

Ɗaliba daga Daura: Anti, na san wasan, kuma irinsa ya daɗe. Tun 1983 aka yi wani a Japan mai suna Portopia, inda kai ne ɗan sandan da ke binciken kisa. A 2001 kamfanin Capcom ya fitar da Ace Attorney, can kuma lauya kake a kotu. Naki a 2010 ya fara fita. Abin da ke riƙe mutum shi ne ba a ba ki amsa a hannu. Sai kin yi sa'o'i kina hira da mutum, kin san abincin da yake so da abin da yake tsoro, sannan a wayi gari shi ne gawar, ko shi ne mai kisan kuma ke za ki nuna shi. Fim ba ya sa ki wannan nauyin, kallo kawai kike. Mu da aka yi wa tatsuniyar Dodo a tsakar gida, a garin da ake ba yara labarin macijin rijiyar Kusugu, bai kamata labarin tsoro ya zama baƙonmu ba. Amma gaskiya ɗaya ce: a Amurka ma na 'yan shekara 17 zuwa sama ne, yadda ake hukunta mai laifi a ciki ba daɗin gani, kuma akwai barkwanci da shigar wasu 'yan matan da ba za ki so surukarki ta gani ba. Kada ki ce musu wasan yara ne.

Hajiya Mai Turare: To kun ji. Ita ma mai kare shi ta faɗa da bakinta. Ke kuma 'yar Daura, macijin Kusugu kashe shi aka yi aka sha ruwa, ba a ajiye shi ƙarƙashin filo ba.

Ummu Safiyya: Ni ba wasan ne ya tsaya mini ba, ƙaryar ce. Yau in ya ce ara mini wayarki in yi kira fa? Ki kira shi ki ce kin ji tsoro ne kika faɗi haka, ki nuna masa ya gani da idonsa. Watakila yarinyar ƙara gishiri ta yi.

Anti Mai Gwanjo: Kul! Kada ki soma. Namiji ba ya manta ranar da kika ce masa "na yi maka ƙarya", bayan shekara goma zai tono ta. Ki mayar da wasan wayar ɗan uwanki, ki yi shiru. Ni na taɓa faɗa wa nawa gaskiyar kuɗin adashi, har yau in ya ga sabon mayafi sai ya tambayi rasit.

'Yar Ƙofar Marusa: Ba ku gane ba. Tun safe ni ake ba umarni: ki ƙara tsawo, ki rage ƙugu, ki kai Inna asibiti. A asibiti ma lokacin Baba ba wanda ya zauna ya yi mini bayani, sai dai a miƙo takarda a ce sayo. A wasan nan ne kaɗai in na lura da abu ƙarami, kamar ƙofar da aka kulle ta ciki ko agogon da ya tsaya, lurar tawa take da amfani. Ranar da na gano mai kisa kafin wasan ya faɗa, zaune na tashi kan katifa, hannuna na rawa, Inna na minshari a gefe. Kuma ban taɓa makara sallar asuba saboda shi ba, ban taɓa ɓata wa kowa ɗinki ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, shekara biyu ba barci ba ƙaramin abu ba ne. Hasken waya da labarin da ke sa zuciya bugawa ƙara korar barcin suke. Ki ga likita, ki faɗa masa tun rasuwar Baba abin ya fara. Allah Ya jiƙansa.

'Yar Ƙofar Marusa: Amin Anti, na gode. Amma ba wasan ya hana ni barci ba, rashin barcin ne ya kai ni gare shi.

Hajiya Mai Turare: Likitan mi? Ta yi azkar ta tofe jikinta, ta sha madara da ɗumi. Aure na zuwa, in ta haihu barci da kansa zai riƙa sace ta a tsaye. Kin goge ko ba ki goge ba?

'Yar Ƙofar Marusa: Hajiya shari'a biyu ta rage mini. In na gama ai ba abin da zan yi da shi.

Ɗaliba daga Daura: Anti akwai na biyu da na uku fa.

Hajiya Mai Turare: Ke yi mana shiru!

Maman Khalifa: Ga shi nan ya shigo yanzu, ko sallama babu, an ci su biyu.

Anti Mai Gwanjo: Amarya, nawa kike ɗinkin doguwar riga mai aiki a wuya? Ki yi mini magana ta gefe.

'Yar Ƙofar Marusa: Ya turo saƙo wai gobe bayan la'asar zai zo da ƙanwar tasa ta karɓi ankonta. Ban ba shi amsa ba tukuna.