Wai tauraron ɗan adam na iya ganin lakar da ke binne murjani?

ƊalibinTaswira:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin taswira ku taimaka min, na ga hoton tauraron ɗan adam na ambaliyar Townsville ta Ostireliya ta Fabrairun 2019, ruwan kogin Burdekin ja wur kamar kunun kanwa ya kutsa cikin teku ya nufi Great Barrier Reef, babban jerin duwatsun murjani da ke gabar ƙasar. Wai daga hoton nan kaɗai za a iya sanin yawan lakar da ta kwanta a kan murjanin?

MaiSafiyo:
Wa'alaikumussalam ƙanina. A'a fa. Launin saman ruwa kawai tauraron ke gani, ruwa mai laka yana maido da jan haske fiye da garau ɗin ruwa, da wannan ake lissafa kaurin lakar da inda ta dosa. Amma wadda ta sauka ƙasa ta zauna a kan murjanin sai an shiga kwalekwale an ɗebo ruwa an auna, a kuma dasa bututu a ƙasan tekun laka ta taru a ciki. Kuma abin haushi lokacin da kogi ke aman laka lokacin ne hadari ke rufe sama, sai ka yi sati kana jira ba hoto ko ɗaya mai amfani.

Yar_Kimiyya:
Yaya, ka manta ruwa marar zurfi, farin yashin ƙasa yana haskowa sai kwamfuta ta ɗauka laka ce, ni wannan ya ba ni wahala wlh a aikina na digiri. Kai mai tambaya ka fara da hoton tauraron Sentinel-2, kyauta ne, kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa, duk kwana 5 yana dawowa. MODIS, wata na'urar ɗaukar hoto a tauraro, kullum take wucewa amma ɗigonta mita 250 ne, ƙaramin dutsen murjani ɓacewa yake yi a ciki.

ƊalibinTaswira:
Na gode Anti. To ita lakar me take yi masa, ba dutse ba ne?

Yar_Kimiyya:
Dabba ce fa! Akwai wata gansakuka a jikinta mai haɗa mata abinci da hasken rana, laka ta tare hasken sai yunwa, ga wahalar kakkaɓe wadda ta zubo mata. Ta Burdekin ɗin ma yawanci daga zaizayar filayen kiwon shanu take fitowa.

BaƙonBahrMaliya:
Mu nan Port Sudan ba kogin da ke zuba a teku duk shekara, shi ya sa ruwan Sanganeb, wurin murjani da ke kusa da mu, garau yake. Wa zai nuna min yadda ake sauke hoton Sentinel ɗin a waya? Data ta yi tsada.