Ɗan Wasan Zari-ruga da Hukumar da Ta Rene Shi

Da aka tattauna ko ɗan wasan zari-ruga yana da nauyin biyayya ga hukumar da ta rene shi, shawarar da ta rinjaya ita ce ya cika kwantiraginsa, ya sanar da wuri in zai tafi, amma kada a ɗaure shi da gori. Shekarun wasa kaɗan ne, rauni ɗaya a kai ko gwiwa yana iya datse su, ga iyali na jira.

An daɗe ana magana kan Charles Piutau, ɗan wasan tawagar ƙasar New Zealand, wanda ya bar ƙasar a 2015 ya tafi wasa a waje yana kan ganiyarsa. Hukumar ƙasar ba ta gayyatar mai wasa a waje, don haka ƙofa ta rufe masa. Sai da World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, ta sauya doka a 2021, ta yarda wanda ya shekara 3 bai buga wa ƙasa ba ya koma ƙasar iyayensa ko kakanninsa, sannan Piutau ya buga wa Tonga, ƙasar iyayensa, gasar duniya ta 2023.

An shawarci hukumomi su duba Afirka ta Kudu, wadda ta sassauta wa 'yan wasanta na waje a 2019, ta ɗauki kofin duniya a 2019 da 2023. Wasu kuma sun nemi kulob-kulob na Faransa da Japan su riƙa biyan Fiji, Samoa da Tonga kuɗin renon 'yan wasan da suke ɗauka daga can, kuma ina goyon bayansu sosai, domin waɗannan tsibirai ne suka fi yin asara.